Farin Agogo Na Wani

Litinin, 2 ga Satumba

Likitar ƙashi ta ce in riƙa rubutu kullum, ko layi biyu ne, don yatsun da suka rage su koyi aikin waɗanda suka tafi. To ga shi ina yi. Na naɗe biro da tsumma ya yi kauri, na soke shi tsakanin yatsan tsakiya da mai bi masa. Rubutun kamar kaza ta yi tono, amma ni kaɗai zan karanta.

Ta ce in fara da abin da ya faru, wai yana rage nauyin zuciya. Ba dogon labari ba ne. Injin ɗab'i ya cinye min babban yatsa da manuni na hannun dama. Na hagu kuma, da na kai don in zaro ɗan'uwansa, jijiyar babban yatsa ta tsinke. An ɗinke, yana nan a mazauninsa kamar mutumin kirki, sai dai ba ya matse komai. Shekara ta kusa zagayowa.

Laraba, 4 ga Satumba

A wurin aiki an mayar da ni tebur kusa da taga, ina duba rubutu kafin a buga. Wasali ya ɓace, ƙugiya ta faɗi daga kan harafi, ni ne mai kamo su. Abokin aikina Dogo ne a kan injina yanzu. Ya iya, ba laifi, illa yana zuba tawada kamar kyauta ake ba mu.

Yau idona ya faɗa kan allon da ke jikin bango: ba agogo, ba zobe, ba hannun riga mai lilo a kusa da inji. Ni na buga allon nan tun ina saurayi, sai yau na lura dokar ta sauka daga kaina. Ban taɓa ɗaura agogo ba, alhali tun ina yaro nake son irin mai inji a ciki, wanda ba ruwansa da batir, in ka kara a kunne ka ji yana tafiya. Na daɗe ina kallon wuyan hannuna. Inji ya karɓi yatsu ya ba ni izinin ɗaura agogo. An cuce ni a cinikin, amma tunda an riga an yi, bari in karɓi kayana.

Asabar, 7 ga Satumba

Da safe matata Malama ta miƙo hannu za ta sa min maɓallin riga, na juya mata baya. Na sa da kaina, ko da yake sai da shayina ya huce.

Haka muke tun da na dawo daga asibiti. Na bar takalmi mai igiya. Kwalba da haƙori nake buɗewa. Abinci a ɗaki nake ci, ƙofa a rufe, don kada ta ga yadda cokali ke min gardama. Hannun dama kuwa a aljihu ya tare. Ba ƙinta nake ba, Allah ya sani. Matar da ta san ni ina ɗaga rodin ƙarfe ni kaɗai, ba na so ta koma tana ba ni abinci a baki.

Na yi mata maganar agogo. Ta ce ɗan abin da ya rage na diyya ai da yatsuna aka same shi, in saya, kada in ji komai. Sannan tana ninke kaya, ba ta ko kalle ni ba, ta ce Yaya, babbar 'yar'uwarta, ta kira. Wai makarantar garinsu na neman malama, har da ɗaki a cikin makarantar, kuma suna son amsa kafin ƙarshen wata.

"Yara sun tashi, kai kuma ka iya komai da kanka," in ji ta. "Zaman me nake yi?"

Na ce ta yi abin da ta ga ya fi mata. Ba abin da ke raina ke nan ba, amma shi ya fito.

Talata, 10 ga Satumba

Na je shagon Mai Agogo bayan an tashi aiki. Shagon siriri ne kamar lungu, tsakanin kantin magani da na takalma. Shi kansa tsoho ne, ɗan gilashin dubawa rataye a wuyansa, yana magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi agogunan daga barci.

Na nuna wani mai ruwan zinariya na tambayi kuɗinsa. Da ya faɗa sai na ce ai tambaya kawai na yi. Ya yi murmushi ya ce kowa da wannan yake farawa. Na faɗa masa iya ƙarfina, bai raina ba. Ya ce da abin da nake da shi hanya biyu ce: ko sabo na ƙaramin kamfani, ko na hannu daga babban kamfani, wanda wani ya riga ya sha zafin kuɗinsa. Ya ce kada fuska ta ruɗe ni, jabu ma yana da kyan fuska, a buɗe baya a ga inji. Ya buɗe min ɗaya. Wallahi sai da na manta da numfashi. Ƙananan haƙora suna cizon juna, wani ɗan zobe yana kai da kawowa. Inji ne sak irin wanda na yi rayuwata a kansa, amma wannan ba ya cin mutum.

Da ya miƙo min in gwada dole na fito da hannun dama daga aljihu, don hagu ba ya riƙo. Ya kalla sau ɗaya ya ɗauke kai. Bai ce sannu ba, kuma na ji daɗin haka. Sai ya jawo maɗaurin ƙarfe mai talewa ya ce duk wanda na zaɓa wannan zai sa masa, zura hannu kawai ake yi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Dogo ya ce wayar da ke aljihuna ta fi kowane agogo faɗin lokaci daidai. Dogo bai san komai ba sai tawada.

Asabar, 14 ga Satumba

Na gan shi.

Yana cikin wani faranti a gefen teburin Mai Agogo, cikin tarkacen da aka kawo masa jiya daga gidan wani dattijo da ya rasu. Ƙarami ne, marar kauri, fuskarsa fara amma ta ɗan dafe kamar ɓawon ƙwai. Lambobinsa sirara, irin haruffan da muke bugawa a katin gayyata na masu hankali. Ba ƙyalli, ba hayaniya. A ƙasa akwai ɗan da'ira inda hannun daƙiƙa ke zagayensa shi kaɗai. Na duba masu yawa a kwanakin nan, kowanne sai na lallashi kaina kafin in so shi. Wannan ban lallashi kowa ba.

Mai Agogo ya ce bai buɗe shi ba tukuna, bai san lafiyarsa ba, kuma ba ya sayar da abin da bai leƙa cikinsa ba. Ya karɓi lambata ya ce zai turo saƙo. Na dawo gida ina so in ba Malama labari, na tarar tana waya da Yaya a kicin, na wuce ɗaki.

Litinin, 16 ga Satumba

Saƙo ya zo ina tsakar duba wani littafin lissafi na 'yan firamare. Ga abin da ya rubuta, harafi da harafi:

"Na duba farin. Lafiyarsa ƙalau, kuɗinsa ma daidai kai. Sai dai na wani ne, ba zai yi maka ba."

Na wani ne. To me ya sa ya bar shi a faranti yana tsone wa mutane ido? Ban ba shi amsa ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Duk yinin yau ina ta zana mutumin a raina. Mai tumbi ne, yana da agogo goma a akwati, zai jefa wannan a cikinsu ya manta. Yatsunsa goma cif. Har na tsane shi, ban ko san shi ba.

Na dawo na ga Malama ta sauko da babban akwati daga kan kabad. Wai ƙura take kakkaɓewa. Na yi kamar ban gani ba, na shige ɗaki, na kasa cin abincin ma.

Juma'a, 20 ga Satumba

Yau na sha kunya, kuma ban san rabon da in ji daɗi irin na yau ba.

Da la'asar ta tambaye ni ina maganar agogo ta kwana. Na ce an sayar wa wani, na tura mata wayar a kan tebur ta gani da idonta. Ta karanta. Ta sake karantawa, leɓenta na motsi. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Kafin in ce me ya faru ta fashe da dariya, har da riƙe ciki, har da zama a hannun kujera.

"Ba na wani mutum ba," ta ce tana share ido. "Na waaani. Wanda ake wanawa da hannu. Kai da ake biya don ka gane rubutu!"

Na karɓi wayar na duba. Haka ne. Kalma ɗaya ce a takarda, baki ne ke raba su, shi kuma saƙo ba shi da baki. Kwana huɗu ina gaba da mutumin da ba a haifa ba. Ni ma dariyar ta kama ni, muka yi ta yi kamar yara. Ta ce gobe za ta je ta gaya wa maigidan aikinmu ya rage min albashi. Na ce in ta faɗa wa Dogo sai na bar garin.

Sai dariyar ta ɗauke, don mu biyun mun kai ƙarshen saƙon a lokaci ɗaya. Ba zai yi maka ba. Ta kalli aljihuna, ta yi sauri ta kau da kai. Ashe tsohon ya auna hannuna tun kallo ɗayan nan, yana gudun ya sayar min da abin da zai fi ƙarfina. Na san alheri ya nufa. Duk da haka raina ya ɓaci, na tashi na bar mata falon.

Asabar, 21 ga Satumba

Na saye shi.

Mai Agogo ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya fito min da wani baƙi mai wana kansa da motsin hannu, ya ce wannan ɗaurawa kawai zan yi in manta. Kyakkyawa ne, ban ƙi ba, amma ya yi min kama da sandar da ake miƙa wa gurgu. Ya nuna min ɗan kunnen da ke gefen farin, wanda ake murzawa. Ƙarami ne kamar ƙwayar shinkafa, tsufa ya cinye zanensa ya yi sulɓi, ga tauri. Ya ce kowace safiya sai an murza shi har ya cije, in an tsallake rana zai tsaya. Na ce na ji. Ya ce ko akwai mai yi min a gida? Na ce ni zan yi.

Ya haƙura. Ya sa masa maɗaurin nan mai talewa, ya wana shi, ya saita, ya zura min a hagu. Ya ce in ya gagara in dawo da shi, ba zai rage min komai ba.

A hanya na yi ta kara shi a kunne kamar sabon mahaukaci. Malama ta ce ya yi kyau. Ta ɗan daɗe tana kallonsa, ba ta taɓa ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Ya tsaya tun jiya da yamma.

Na gwada da babban yatsan hagu, zamewa yake. Na gwada da gefen yatsan tsakiya, na goga har fata ta yi ja. Na naɗa masa zare. Na danna shi a bakin tebur ina turawa. Na sa haƙori, Allah ya kiyaye ban haɗiye kunnen ba.

Talata, 24 ga Satumba

Na ari filaya a wurin aiki na shiga bayan rumbun takarda da ita. Ta kuɓuce ta karce gefen agogon. Ɗan layi ne siriri, amma ji na yi kamar a jikina. Shekarunsa nawa a hannun dattijon nan ba tabo, ya zo hannuna kwana uku na yi masa.

Haka na ɗaura shi a mace na zauna a tebur. Dogo ya leƙo ya ce Mai Sabon Agogo, ƙarfe nawa? Na saci kallon na bango na faɗa masa. Ya ce lallai yana tafiya daidai.

A gida akwatin nan ya fara cika. Ta sa littattafanta a ƙasa, zannuwa a sama. Saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare, ni kuma ina nan ina kokawa da ƙwayar shinkafa. Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba mai gani.

Alhamis, 26 ga Satumba

Hannuna na ciwo amma sai na rubuta wannan duka.

Da safe tana tsaye a bakin madubi tana shirin makaranta. Na shiga na fita, na sake shiga. Ta ce in wani abu nake nema in faɗa, ina sa mata jiri. Na zare agogon na ajiye a gabanta, kusa da kwalbar turare. 

"Malama, ki taimaka min," na ce. "Na kasa."

Ba ta juyo nan da nan ba. Ta cikin madubi na ga ta rufe ido ta buɗe. Sannan ta ɗauke shi, ta ga tabon filaya. Ta tambaya ta wane gefe ake murzawa, na nuna mata da haɓa. Ta fara a hankali, yana ɗan ƙara ƙir, ƙir, ƙir. Na ce in ta ji ya cije ta tsaya, kada ta tilasta masa. Ta ce ai ta daɗe da sanin wannan, da wa take zaune? Na cancanci wannan.

Hannun daƙiƙa ya motsa. Ta saita shi da wayarta, ta kara a kunnenta, ta kara a nawa. Sannan ta ce in kawo hannu. Na miƙa hagu.

"Ɗayan," ta ce.

Na tsaya. Ita ma ta tsaya, ga lokacin makaranta yana ƙurewa, ba ta da niyyar motsawa. Na zaro shi daga aljihu. Tun ranar da aka kwance bandeji ba ta gan shi a fili haka ba. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta bi wurin ɗinkin da yatsa, a hankali, kamar mai karanta layi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce sannu ba. Ta zura agogon ta gyara masa zama, ta ce nan ne wurinsa, in ina son sanin lokaci sai in fito da hannun kowa ya gani.

Na ce mata kullum ake yi masa, kowace safiya.

"In na tafi fa?"

"Zai tsaya," na ce.

Ta kalle ni. Sannan ta ɗauki jakarta ta ce na sa ta makara, kuma maɓallin wuyana a karkace yake. Na tsaya ta gyara.

Juma'a, 27 ga Satumba

Ta wana shi kafin shayi. Na ci abinci a falo. Cokali ya faɗi sau biyu, duniya ba ta tashi ba.

Litinin, 30 ga Satumba

Akwatin ya koma kan kabad. Ni na riƙe mata kujera ta hau. Ban tambaya ba, ita ma ba ta yi bayani ba, sai da yamma take cewa Yaya ta yi fushi, wai ta sa ta jin kunya a gaban shugaban makaranta. Dole ta je da kanta ta ba ta haƙuri in an sami hutun tsakiyar zango.

Agogon yana ƙara minti ɗaya a rana. Mai Agogo ya ce haka tsofaffi suke, in bar shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ta tafi wurin Yaya da ƙaramar jaka. Ta wana shi a tasha kafin ta shiga mota, mutane na kallonmu. Lahadi za ta dawo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ya tsaya jiya da daddare, na gani da na tashi.

Mun yi rabin yini a wurin aiki. Dogo ya lura, don yanzu hannun a kan tebur yake yini. Ya ce in kawo ya murza min, ai ba wani abu ba ne, minti ɗaya ya gama. Har ya miƙo hannu. Na ce ya bar shi. Ya ce to agogon me ke nan, a ɗaure a mace? Na ce hannunsa duk tawada ce, zai ɓata min fuskar. Ya duba hannuwansa, ya wanke su tas tun kafin ya zo, ya kalle ni ya tafi yana gunaguni.

Gaskiya ce ai, Dogo hannunsa da nauyi, zai iya tsinka wani abu a ciki. Mai Agogo ma a kan hanyata yake, na wuce ta ƙofarsa, yana zaune, mun gaisa. Sauri nake yi shi ya sa ban tsaya ba.

Motarsu da azahar take isowa gobe. Zan fita da wuri saboda cunkoso.